Kwaɗo Dubu Ashirin da 'Ya'yansu

Shekara ashirin da bakwai Ba-Gyara ya yi yana fito wa 'yan kasuwa da kaya daga hannun kwastan, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa soke layi ɗaya da ya rubuta ba. Daga nan sunan ya samo asali. Abokan sana'a ne suka laƙa masa don tsokana, shi kuwa da ya ji sunan ya zauna masa daram, sai ya kira mai fenti ya rubuta shi a ƙofar ofis da manyan baƙaƙe, da jan fenti.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman shagon masu faci. Tebur guda, kujera uku, fanka mai kuka kamar ana yanka ta, sai kabad cike da fayil. A bango, daidai saitin kansa, lasisinsa na ejan yana rataye cikin gilashi, kullum da safe sai ya goge shi da hankici kafin ya goge fuskarsa. A kan teburin kuma kundin fito ne, littafi mai kaurin matashin kai. Duk abin da Allah ya halitta da wanda ɗan Adam ya ƙera yana da babi da lamba a cikinsa, tun daga raƙumi har allura. Aikin ejan shi ne ya gaya wa hukuma a rubuce abin da ke cikin kwantena, ya nemo masa lambarsa, ya ba mai kaya shawarar takardun da zai tanada. A baki ba wuya. A takarda kuwa nan ake gane wanda ya yi karatu da wanda ya yi barci a aji.

Ba-Gyara yana da tambayoyi uku, har ya sa an rubuta su a allo kusa da lasisin: Mene ne? Da me aka yi shi? Me ake yi da shi? Ko buhun gishiri ka kawo sai ka amsa su. An taɓa yin wani mai shigo da tsintsiya da ya fusata ya ce, “Malam, tsintsiya fa na ce maka!” Ba-Gyara ya dube shi ta saman tabarau ya ce, “Na ji. Me ake yi da ita?”

A tashar jiragen ruwan da yake aiki akwai doka, kowa ya san ta. In ejan ya gane ya rubuta ba daidai ba, yana iya neman takardar gyara muddin ba a yanke hatimin ƙarfen da ke ƙofar kwantena ba. Sai dai za a manna takardar a allon sanarwa wata guda cur, da sunansa da dalilinsa, kowa ya karanta. In kuwa aka yanke hatimi aka tarar da abin da ba shi aka rubuta ba, to ya yi wa hukuma ƙarya ke nan, a ranar za a karɓe lasisinsa. Kowace Litinin Ba-Gyara yakan tsaya gaban allon nan, ya gyara tabarau, ya karanta takardun mutane da ƙarfi, har da lanƙwasa murya.

“‘Na rubuta takalmi alhali silifa ne.’ Kai jama'a! Wannan da ƙafarsa ya riƙe biro?”

Ba kyau. An gaya masa ba kyau, bai ji ba. Mutumin da ya daɗe ba a kama shi ba yakan fara zaton shi ba ya yi.

Mutum ɗaya ce a duniya ba ya yi wa tambayoyin nan, ita ce Yaya. Ita ta goye shi, ita ta kai shi makaranta tana jan kunnensa, kuma har yau da furfurarsa in ta kira waya tsaye yake amsawa. Yaya 'yar kasuwa ce mai zuciyar tsuntsu, ba ta shekara a sana'a ɗaya. Shekaru uku baya kifin ado ta shigo da shi. Da ta gaji ta koma zomaye masu dogon gashi. Bara kuma wasu tsuntsaye ne masu kuka kamar ƙofar da ba mai. Duk shi ya fito mata da su, duk daga babi na ɗaya zuwa na uku, wurin masu rai.

Wata Talata da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Ya miƙe.

“Ƙanina, kayana sun taso. Na turo maka takardar. Yau nake so ka shigar, ba gobe ba.”

“To, Yaya. Wane kaya ne wannan karon?”

“Kwaɗo.”

“Kwaɗo, Yaya?”

“Kunnenka ya fara mutuwa ne? Kwaɗo dubu ashirin, manya da ƙanana, kowanne da 'ya'yansa uku. Akwai masu dogon wuya, akwai gajeru. Masu taurin kai ne na gaske, ko guduma ka sa musu ba za su buɗe baki ba. Ka dai tabbata ruwa bai taɓa min su ba.”

“Ruwa kuma? Ai na ɗauka su da ruwa...”

“Kai ka saye su ko ni?”

“Ke ce, Yaya.”

“To.” Ta kashe.

Ya buɗe takardar da ta turo. Rubutun irin na ƙasar da kayan suka fito ne, mai kama da an zubar da ashana a tebur, ba abin da ya iya karantawa sai lambobi. A ka'ida mai fassara ake kai wa, shi kuma kwana uku yake ɗauka, Yaya kuwa ta ce yau. Ya ɗaga kai ya dubi allon tambayoyinsa uku, allon ya dube shi. Ya kawar da kai. Kifi, zomo, tsuntsu, yanzu kwaɗo. Ina abin tambaya a nan? Ai hanyar a miƙe take.

Ya lashi yatsa ya buɗe kundin a babi na ɗaya. Ya wuce dawaki, ya wuce shanu, ya wuce kaji, ya sauka a kan sauran dabbobi masu rai. Ya rubuta da hannunsa mai kyau: kwaɗi masu rai, iyaye dubu ashirin, 'ya'ya dubu sittin. Nauyin da ke takardar ya ɗan tsaya masa a rai, tan goma sha ɗaya, amma ya ce a ransa ai na ƙasar waje ne, can komai ƙato ne. Ya sa hannu, ya buga hatimi, ya kai.

Da yamma a rumfar mai shayi, inda ejan-ejan ke taruwa, ba wanda ya samu ya sa baki.

“Ku kuna nan kuna fama da taya da bokiti. Wa ya taɓa shigo da rai dubu tamanin a takarda ɗaya? Ku faɗa min sunansa in je in gaishe shi.”

Wani ya ce, “Malam, mu da muke da kwaɗi a kowace kwata, me za a yi da na waje?”

“Ka ji irin tambayar da ta hana ka ci gaba. Waɗannan ba sa son ruwa. Ka taɓa ganin kwaɗon da ba ya son ruwa?”

“Ban taɓa ba.”

“To ka rufe bakinka ka jira.”

Kaya mai rai ba ya fita sai likitan dabbobi na tashar ya duba. Likitan nan dogo ne siriri, shekara tara yana wurin bai ga komai ba sai 'yan tsaki, har ya fara mantawa da abin da ya karanta. Da takardar Ba-Gyara ta iso teburinsa, da kansa ya hau matakalar ofis yana haki, da littafi a hammata.

“Ranka ya daɗe, wane jinsi ne? Me suke ci? Kwana arba'in a teku, wa ke ba su abinci?”

Ba-Gyara bai sani ba, kuma bai saba cewa bai sani ba. Ya miƙe ya kira Yaya.

“Yaya, likita ne ke tambaya, me ake ba su?”

“Wane likita? Waye ba lafiya?”

“A'a, na wurin aiki ne. Kayan nan, me ake ba su?”

“Ba a ba su komai. In sun fara ƙara a ɗiga musu mai a baki, shi ke nan.”

“Kwana arba'in fa a rufe, Yaya.”

“Ko shekara goma suka yi a kwali ba abin da zai same su. Ka bar damuna, ina wurin masu fentin sabon shagona.”

Ya ajiye waya ya dubi likita da fuskar masani. “Barci suke. Irinsu haka suke, in an sa su a kwali sai su kwanta. Mai kawai suke sha.”

Likita ya rubuta da sauri. “Mai! Allah mai iko. Wane irin mai?”

“Wannan kuma sirrin mai kaya ne.”

Kafin jirgi ya iso, likita ya sa an share rumfa guda a filin kwantena. Ya tanadi baho arba'in, raga shida, safar hannu, da jarkar mai iri uku don kada a yi kuskure. Ya rubuta wa tsohon malaminsa wasiƙa. Ya ɗinka sabuwar farar riga. Labari ya zaga tashar, har masu gadi suna roƙon a sauya musu aiki zuwa ranar. Aka sa Alhamis ƙarfe goma za a buɗe.

Ranar Alhamis da safe Ba-Gyara yana zaune a falo, ya sa rigarsa ta zuwa taro, yana tsoma burodi a shayi. Maiɗakinsa ta fito daga kicin tana goge hannu.

“Maigida, in an buɗe kayan Yaya kar ka manta da nawa. Ta ce za ta ba ni biyu.”

“Biyu me?”

“Kwaɗo mana. Babba ɗaya, ƙarami ɗaya.”

Ya yi dariya. “Ke da kike hawa kujera in kin ga ƙadangare? A ina za ki ajiye su?”

“Babban a ƙofar sito, ƙaramin a akwatina.”

“A akwati? Cikin kayan sawarki?”

“A jikin akwati dai. Na yanzu ya lalace, tun da ɗan ya karye a ciki ba ya kulluwa.”

Burodin da ke hannunsa ya jiƙe, ya yanke, ya faɗa cikin kofi. Bai lura ba.

“Me ya karye?”

“Ɗan makullin. Shi ya sa na ji daɗi da ta ce nata kowanne da 'ya'ya uku. In ɗaya ya ɓata akwai biyu.” Ta tsaya ta dube shi. “Lafiya? Ko shayin ne ya yi zafi?”

“Yaya... shagon me take buɗewa?”

“Na kayan gini mana. Ranar da ta zo nan ta yi awa guda tana faɗa maka, kana ta cewa to, to, idonka a kan jarida.”

Masu dogon wuya. Ko guduma ka sa musu. A ɗiga musu mai. Maganganun suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya suna zama a mazauninsu, kowacce da nauyinta, har suka cika tan goma sha ɗaya a kan ƙirjinsa. Kwaɗon ƙofa. Ƙarfe. Babi na tamanin da uku, shafin da ya fi sanin hanyarsa fiye da hanyar gidan surukansa.

Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Ya fita da takalmi ƙafa ɗaya baƙi ƙafa ɗaya ruwan ƙasa, maiɗakin tana kira bai juyo ba.

Tara saura ya isa tashar. Da mai hankali ne, da ya wuce kai tsaye tagar da ake karɓar takardar gyara, minti biyar an gama. Ya je tagar kuwa. Ya tsaya. Allon sanarwa yana nan gefenta, da takarda huɗu a manne, duk ya karanta su ranar Litinin, ɗaya ma sau biyu don mutane sun nemi ƙari. Akwai fili a tsakiya, daidai faɗin takarda guda, kamar an auna an bar masa. Ma'aikacin tagar ya leƙo.

“A'a, Malam Ba-Gyara! Yau kai ne a tagarmu? Ɓatan hanya ka yi?”

“Inuwa nake sha,” in ji shi, ya wuce.

Ya zaga bayan filin, wurin da babbar kwata ta bi ta gindin katanga. Nan wata dabara ta zo masa, irin dabarar da ba ta zuwa wa mutum sai tsoro ya riga ya kori hankali. In aka buɗe ƙofa aka ga kwaɗo ko guda ɗaya ya yi tsalle ya fito, ai ba za a ce ƙarya ya yi ɗungurungum ba. Sai a ce ya yi kuskuren lissafi. Sauran kuma, to, sai ya ce ƙarafan gidajensu ne, ko wani abu, bakinsa bai taɓa rasa magana ba.

Dattijo mai shekara hamsin da takwas, da rigar taro, ya naɗe hannu ya durƙusa a bakin kwata. Na farko ya kufce. Na biyu ya tsallake ta kan kafaɗarsa. Tabarau ya faɗa ruwa, ya lalubo shi. A karo na biyar ya kifa hularsa a kan wani ƙato mai kumburarren ciki, ya damƙe, ya zura shi a aljihun gefe ya danne bakin aljihun da hannu. Hular ya matse ta ya mayar kansa haka nan.

Da ya iso rumfa ya tarar da taron da bai taɓa gani ba a tashar. Ejan-ejan sun bar aikinsu, leburori sun hau kan wasu kwantenoni don su hango, mai shayi ya ɗauko tebur ɗinsa kacokan ya dawo nan. Likita yana tsaye cikin sabuwar riga yana jera mutum shida masu raga kamar masu tsaron gida a filin ƙwallo. Baho arba'in a layi. A gaban kwantenar kuma jami'ar da za ta duba kayan ce, wadda ake kira Jan Biro, mace gajera marar yawan magana. Shekarun baya, tana sabuwar ma'aikaciya, Ba-Gyara ya taɓa gyara mata lamba a gaban mutane, ya kuma ƙara da cewa ta koma makaranta. Ba ta manta ba.

Ta dube shi daga jiƙaƙƙiyar hula zuwa takalma kala biyu.

“Malam, an yi ruwa a unguwarku?”

“Gumi ne, ranki ya daɗe. Ina da shawara. A ɗaga buɗewar nan zuwa wani mako. Dabbobin barci suke, in aka tashe su da rana tsaka suna iya firgita.”

Likita ya yi tsalle. “Wani mako? Kwana arba'in da uku ba iska! Ni tun jiya ban runtsa ba. Na kara kunne a jikin ƙarfen nan har sau bakwai, ko motsi babu. Ranki ya daɗe, ina tsoron mun rasa su.”

“In sun mutu ai ba sauri,” in ji Ba-Gyara. “A bar su su huta.”

Daidai nan na cikin aljihu, wanda ya gaji da matsi, ya buɗe baki ya saki kuka mai kauri, irin na bayan ruwan sama.

Ba-Gyara yana jingine da ƙofar kwantena, don haka kowa ya ɗauka daga ciki ne.

“Suna raye!” Likita ya ɗaga hannu sama, hawaye a idonsa. “Suna raye! A kawo almakashi! Masu raga ku matso! Ina mai? A buɗe jarka!”

Leburori suka ɗau sowa. Ba-Gyara ya ƙara danne aljihu, abin ya ƙara kuka, sau biyu a jere. Wani ƙato ya taho da almakashin ƙarfe a kafaɗa. A jikin ƙofar, ban da hatimi, akwai wani ƙaton makulli da masu jirgi suka sa, sai mai almakashin ya tambaya, “In fara da kwaɗon?”

“Kar ka taɓa min ko ɗaya!” in ji likita.

“Na ƙofa nake nufi, likita.”

“Oho. Wannan ka yi yadda ka ga dama da shi.”

Aka karya na ƙofa, ya faɗi ƙasa gaban takalman Ba-Gyara, baki buɗe, kamar yana masa dariya. Saura hatimi.

Sai aka ji hon ɗin babbar mota. Yaya ce a gaba kusa da direba, ta sauko tana gyara mayafi, ta ratsa taron kamar wuƙa. Ta ga baho, ta ga raga, ta ga mutum riƙe da mazurari da jarkar mai.

“Ƙanina, wanki ake yi a nan? Ban ce kar ruwa ya matso kusa da kayana ba?”

Ƙaton ya saka bakin almakashi a wuyan hatimi, ya buɗe ƙafafu, ya jira umarni. Jan Biro ta buɗe fayil. Doka ce kafin a yanke a yi wa ejan tambaya ɗaya, yawanci da sauri ake yin ta ana kallon wani wuri. Yau a hankali ta yi ta, tana kallon tsakiyar idonsa.

“Ejan, ka tsaya a kan abin da ka rubuta?”

Ya buɗe baki. Ya ga allon sanarwa a ransa, da mutane sun taru, wani yana lanƙwasa murya. Ya kuma ga bangon ofishinsa, da ƙusa tsirara, da murabba'in fenti mai haske inda gilashi ya rufe shekara ashirin da bakwai. Ya ga kansa da safe riƙe da hankici ba abin gogewa.

Jan Biro ta ce, ƙasa-ƙasa yadda shi kaɗai zai ji, “Kwantena ba tagar iska, ba injin sanyi, tan goma sha ɗaya. Malam, ni na koma makarantar da ka ce. Sau ɗaya doka ta ce in tambaya, amma zan ƙara maka ɗaya don furfurarka.” Ta ɗaga murya. “Ka tsaya a kan abin da ka rubuta?”

“A ba ni...” Ya yi gyaran murya, na aljihu ya taya shi. “A ba ni takardar gyara.”

Da allura ta faɗi a filin nan da an ji. Mai shayi ya ci gaba da zuba ruwan zafi har kofi ya cika ya malala a tebur. Wani daga saman kwantena ya ce, “Me ya ce?” Wani ya amsa, “Wallahi ya faɗa. Da kunnena na ji.”

Takardar tana cikin fayil ɗinta, a sama, ta riga ta cika kwanan wata. Ta miƙa masa da biro.

“Kafin ka rubuta, akwai 'yan tambayoyi. Mene ne?”

“Kwaɗo,” in ji shi.

“Da me aka yi shi?”

“Ƙarfe.”

“Ban ji ba.”

“Ƙarfe!”

“Me ake yi da shi?”

“Kulle ƙofa.”

“Madalla. Ka ga ba wuya.”

Ya ɗora takardar a bayan wani baho da aka kife ya rubuta. A wurin dalili ya daɗe biro na sama, sannan ya sa: Ban tambaya ba. Ta karɓa, ta buga hatimi, ta ɗaga wa ƙaton kai. Ƙarfe ya ce ƙas. Ƙofa ta buɗe. Masu raga suka duƙa. Kwalaye ne tun daga ƙasa har rufi, ba mai motsi. Aka farke ɗaya, ga su nan a jere cikin takarda mai maiƙo, masu dogon wuya da gajeru, kowanne da 'ya'yansa uku a zobe.

Dariyar da aka yi a filin nan, wani lebura sai da aka riƙe shi kar ya faɗo. Yaya ce kaɗai ba ta yi ba. Sai da mai shayi ya yi mata bayani sau biyu, sannan ta juyo a hankali.

“Ni? Ni ka rubuta wa hukuma cewa ina kiwon kwaɗi? Dubu tamanin? A ina zan zuba su, a ɗakinka?”

“Yaya, ai kifi da zomo...”

“Ka ji shi! Na biya maka makaranta don ka riƙa tambayar masu tsintsiya me ake yi da tsintsiya, ni kuma ka kasa buɗe baki?”

“Ke ce ba kya son tambaya, Yaya.”

“Yaushe ka gwada?”

Ta kai hannu ta kama kunnensa, a gaban kwastan da leburori, kamar shekara hamsin ba su wuce ba. Ya ɗaga hannu biyu don ya kare, aljihu ya samu sarari. Ƙaton kwaɗon ya leƙo, ya duba jama'a, ya yi tsalle ɗaya ya dira cikin baho na farko.

Jan Biro ta dubi bahon, ta dubi Ba-Gyara.

“Wannan kuma ina takardarsa?”

“Ɗan ƙasa ne, ranki ya daɗe. Nan bayan katanga aka haife shi.”

Likita, wanda tun buɗe kwali yake zaune a kan jarka ya dafe kai, ya taso a hankali. Ya sa safar hannu. Ya ɗaga dabbar, ya duba idonta, ya auna ta, ya kara mata abin sauraron ƙirji. Ya buɗe littafin da ya raba wa layi dubu tamanin, ya cika layi na farko, ya rubuta lafiya ƙalau. Mai riƙe da mazurari ya matso ya ce ko a ɗiga masa man, likita ya yi masa kallon da ya sa ya koma baya.

Kafin azahar motar Yaya ta fita da kayanta a kan lambar da ta dace.

Ranar Litinin tun takwas ejan-ejan suka cika gaban allon sanarwa, har da waɗanda suka yi ritaya. An riga an zaɓi wanda zai karanta, mutumin nan mai takardar silifa ne, ya kwana uku yana gwada murya. Sai ga Ba-Gyara ya taho, takalma kala ɗaya, ya ratsa su ya tsaya a inda ya saba tsayawa. Ya ciro tabarau ya goge. Takardar tana tsakiya, a filin nan da aka bar mata.

Ya karanta da ƙarfi, ya lanƙwasa murya fiye da yadda ya taɓa yi wa kowa. “‘Na rubuta kwaɗo mai tsalle alhali mai kulle ne. Dalili: ban tambaya ba.’” Ya girgiza kai. “Kai jama'a! Wannan shekara ashirin da bakwai yana me?”

Mutumin silifa ya buɗe baki ya rufe, an riga an cinye masa abinci. Aka yi dariya, amma ba irin wadda aka tanada ba. Haka ya yi Litinin huɗu a jere, har aka cire takardar.

Sunan ƙofa kuwa bai sa an goge ba, masu facin da ke ƙasa ne suka hau da rana tsaka yana ciki, suka ƙara masa kalma biyu da baƙin fenti: Sai Ɗaya. Ya fito ya gani, ya duba rubutun ba kuskure, ya bar shi.

Bayan sati biyu Yaya ta hau matakalar da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta dire masa ƙaramin kwali a kan kundin fito.

“Ga shi, na ƙofar ofis ɗinka ne. Sannan ka shirya, wata mai zuwa ina da kaya. Kunkuru ɗari biyar.”

Ba-Gyara ya miƙe tsaye kamar kullum. Ya dubi lasisin a bango, ya dubi allon da ke gefensa. Ya ja kujera ya ajiye mata, ya zagaya bayan tebur inda hannunta ba zai kai kunnensa ba, ya buɗe biro.

“Zauna, Yaya. Da me aka yi shi?”